Shida, Uku, Ɗaya: Yadda Ake Ƙirga Yara a Gidan Mai Raino a Ingila

A Ingila, macen da take karɓar yaran mutane a gidanta tana rainonsu ana biyanta ba ita ke yanke wa kanta yawan yaran da za ta ɗauka ba. Doka ta aza mata lambobi uku. Yara shida 'yan ƙasa da shekara takwas a lokaci guda, babu ƙari. A cikin shidan nan uku ne kaɗai za su kasance ƙanana. Jariri kuma wanda bai cika shekara ba, ɗaya tak. Duk wadda ta yi rajista ta haddace wannan tun ranar farko. Amma haddace lambobi daban, iya ƙirga yara ranar Laraba da ƙarfe uku da rabi na yamma daban, lokacin da 'yan makaranta suka shigo, iyayen ƙananan ba su iso ba, ɗanta na cikinta ma ya dawo yana neman abinci. Galibi ba da gangan ake ƙetare iyaka ba. Lissafin ne ake yi da sunayen da ke cikin littafi, alhali doka da agogo take lissafi.

Ƙa'idar tana cikin kundin EYFS, wato kundin ƙa'idojin kula da ƙananan yara da koyar da su, wanda Ma'aikatar Ilimi ke fitarwa a ƙarƙashin dokar kula da yara ta 2006. Tun watan Janairun 2024 masu raino a gida suke da nasu kundin daban da na makarantun nazare, to idan za ki duba a intanet ki tabbata naku kika buɗe, kuma na baya-bayan nan, don ana yawan yi masa kwaskwarima. Hukumar Ofsted, mai sa ido kan makarantu da wuraren raino, ita ce ke yin rajista da bincike, sai kuma wasu kamfanonin wakilci da ita Ofsted ɗin ta amince su yi wa masu raino rajista a madadinta.

Wa ya wajaba ya yi rajista? Duk mai kula da yaro ɗan ƙasa da shekara takwas a gidanta fiye da awa biyu a rana, ana ba ta lada. An cire kaka da goggo da inna da kawu da yayar yaro, an kuma cire mai zuwa gidan iyayen ta yi rainon a can matuƙar yaran ba su wuce na gida biyu ba. Taimakon juna tsakanin ƙawaye, ki riƙe min nawa yau in riƙe miki naki gobe, shi ma yanzu ba ya buƙatar rajista idan babu kuɗi a tsakani. A da ba haka yake ba. A 2009 Ofsted ta ce wa wasu 'yan sanda mata biyu da ke riƙe wa juna yara wannan musayar ma lada ce, maganar ta tayar da ƙura a jaridu, aka gyara dokar a 2010. Amma da zarar maƙwabciya ta fara sa miki fam ashirin a hannu duk sati, kina kuma riƙe mata yaro fiye da awa uku a rana, kin shiga sahun masu rajista. Ga 'yan'uwanmu da ke can da bizar karatu, akwai wani shingen tun kafin a zo maganar adadi: mai raino a gida sana'ar kanta take yi, bizar ɗalibi kuwa ta haramta sana'ar kai.

Wane ne ƙarami?

A nan gizo ke saƙar. Mutane suna cewa "'yan ƙasa da shekara biyar", amma ba haka kundin ya ce ba. Yaro yana cikin ƙanana har zuwa ranar 1 ga Satumba da ta biyo bayan cikarsa shekara biyar. Ɗauki yara biyu. Ɗaya an haife shi 10 ga Oktoba 2020, ya cika biyar a Oktoban 2025, amma bai fita daga lissafin ƙanana ba sai 1 ga Satumba 2026, wata goma sha ɗaya kusan bayan bikin haihuwarsa. Ɗayan an haife shi 25 ga Agusta 2021, ya cika biyar 25 ga Agusta 2026, bayan sati ɗaya ya fita. Rana ɗaya suka fita duk da tazarar wata goma da ke tsakaninsu, domin aji ɗaya suke. Shekarar makaranta a Ingila daga Satumba take farawa, kuma yawancin yara suna shiga ajin share fage, wanda suke kira Reception, a Satumban da ya biyo bayan cikarsu huɗu. A taƙaice duk ɗan wannan ajin ƙarami ne a idon doka, ko da yana sanye da kayan makaranta yana karanta haruffa.

Da a ce maganar ta tsaya nan, da babu mai rainon da za ta iya ɗauko ɗan ajin share fage daga makaranta in tana da ƙanana uku a gida. Shi ya sa aka yi rangwame. Yaro ɗan shekara uku zuwa biyar da ba ya zuwa wurinki sai kafin a shiga makaranta, ko bayan an tashi, ko lokacin hutu, ana iya haɗa shi da wasu ƙananan uku. Sharaɗin shi ne yana yin cikakken wunin makaranta, wato kamar daga tara na safe zuwa uku na yamma. Ki lura da kyau: rangwamen ya fitar da shi daga cikin ukun, bai fitar da shi daga cikin shidan ba.

Wuri biyu wannan rangwamen yake yaudarar mutane. Na farko shi ne makonnin farko na Satumba. Makarantu da yawa ba sa karɓar sababbin yara wuni guda daga ranar farko. Sati na farko su tashi sha biyu, na biyu su tsaya cin abincin rana su tashi ɗaya, sai a na uku ko bayansa su fara cikakken wuni. Mai raino ta ga yaronta ɗan shekara huɗu zai shiga makaranta, tun watan Yuni ta sayar da gurbinsa ga wata uwa mai ɗan wata goma sha huɗu, ta ce ta kawo shi ranar farko ta Satumba. Sai ga ɗan makarantar yana dawowa da sha biyun rana har sati uku, ƙanana sun zama huɗu, ɗaya daga ciki sabon zuwa ne da ke kuka wuni. Maganinsa tun Yuli ki nemi jadawalin makarantar daga wurin iyayen, ki sa ranar fara sabon yaron bayan ranar da wancan ya fara cikakken wuni. Kuɗin sati uku za ki rasa, shi ke nan.

Na biyu shi ne ɗan nazare mai rabin wuni. Yarinya 'yar shekara uku da ke zuwa nazare daga tara zuwa sha biyu, ki ɗauko ta ta wuni a gidanki, ba ta cikin rangwamen. Cikakken gurbi take ci daga sha biyu zuwa lokacin tashi. Gaskiya ne tsakanin tara da sha biyu gurbin a buɗe yake, kuma doka ba ta hana ki saka wani yaron a ciki ba, tunda abin da ake ƙirgawa shi ne waɗanda ke hannunki a wannan lokacin. Amma ki tambayi kanki, idan nazaren ta kira da ƙarfe goma ta ce yarinyar tana zazzaɓi, lambar wa aka rubuta? Lokacin hutu da nazaren ke rufe, ina za ta wuni? Idan amsar ke ce, to gurbin nan ba naki ba ne da za ki sayar. Shi ya sa masu raino da yawa suke cajin iyaye awannin nazaren ma, kuma a ganina suna da gaskiya.

'Ya'yanki suna cikin lissafi

Wannan ne abin da ya fi ba sababbin shiga mamaki. Shidan nan sun haɗa da 'ya'yan da kika haifa, da duk wani yaron da ke ƙarƙashin kulawarki. Mace mai ɗan shekara biyu da 'yar shekara shida, gurbin ƙanana biyu gare ta na sayarwa, ba uku ba, kuma bayan tashi daga makaranta gurbi huɗu ne ya rage mata a cikin shida. Ɗan riƙo yana ciki. Ɗan ƙanwarki da aka ajiye miki ta je asibiti yana ciki, duk da ba a biyan ki a kansa. Abokin 'yarki ɗan shekara bakwai da ya biyo ta gida wasa, uwarsa ba ta tare da shi, yana ciki. (Tunda maganar riƙo ta taso: yaro ɗan ƙasa da shekara 16 da zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba danginsa na kusa ba, dole a sanar da ƙaramar hukuma. Ɗan ƙawa ko ɗan wani daga garinku ba ya cikin dangi na kusa.)

Lokacin da 'yarki ke makaranta ba a ƙirga ta, amma akwai ranakun da za ta zauna gida alhali makaranta na buɗe. Rashin lafiya ɗaya ne. Sallah ma haka: ba ranar hutu ba ce a Ingila, makarantu suna ba yaro izinin zama gida don ibada, to in kin buɗe ranar, naki yaran suna cikin lissafi tun safe. Sannan ɗalibai kwana 190 suke zuwa makaranta a shekara, malamai 195, kwana biyar ɗin nan na horon malamai kowace makaranta ita ke zaɓar nata. Idan kina ɗauko yara daga makarantu biyu, ranaku goma daban-daban kenan da za su iya faɗo miki a tsakiyar mako.

Bari mu bi wuni ɗaya mu gani. A ce kina da ɗa ɗan shekara shida. Kin ɗauki jariri ɗan wata goma daga takwas na safe zuwa biyar na yamma, da ɗan shekara biyu daga takwas zuwa huɗu, da 'yar shekara uku daga tara zuwa shida. Bayan makaranta kina ɗauko ɗan ajin share fage, da 'yar shekara bakwai, da wata 'yar shekara tara. Da ƙarfe goma na safe yara uku ne, lafiya lau. Da uku da kwata: jariri, ɗan shekara biyu, 'yar shekara uku, ɗanki, ɗan ajin share fage, 'yar shekara bakwai. Shida cif. 'Yar shekara taran ba ta cikin ƙirga. Kin cika, ba ki wuce ba. Yanzu wata uwa ta zo tana so ki riƙe mata ɗan shekara shida daga ƙarfe huɗu da kwata, makarantarsu na da wasan ƙwallo bayan darasi. A takarda ya shiga, tunda ɗan shekara biyun yana tafiya ƙarfe huɗu. Amma uban da ke zuwa ɗaukar ɗan shekara biyun bas yake hawa. Ranar da ya makara da minti ashirin, kina da yara bakwai 'yan ƙasa da takwas, kuma babu wani uzuri a kundin da zai wanke ki. Minti goma sha biyar ba tazara ba ce. In za ki haɗa yara biyu a gurbi ɗaya, ki bar aƙalla awa guda tsakanin fitar wannan da shigar wancan, ko ki hakura.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki zana jadawali: ranakun mako a sama, awanni a gefe rabin awa rabin awa, ki rubuta kowane yaro a kowane gidan da yake hannunki har da naki, ki ƙirga gida-gida. Ki yi guda biyu, na lokacin karatu da na hutu, domin hutun shi ne ke rusa lissafi. Akwai hutun mako ɗaya a Oktoba da Fabrairu da ƙarshen Mayu, da na Kirsimeti da na Ista, sai dogon hutun bazara na kusan mako shida daga ƙarshen Yuli. Yaran da kike gani awa biyu a rana duk za su so wuni guda, kuma iyayensu kowa yana ɗauka gurbinsa a ajiye yake. Ki rubuta a yarjejeniya tun farko wane ne ke da gurbin hutu, wane ne ba shi da shi.

Inda ake sassauci, da inda ba a yi

Shida katanga ce, uku da ɗaya kuwa ƙofofi ne da ake buɗewa idan akwai dalili. Kundin ya yarda a wuce ƙanana uku, ko jariri ɗaya, idan mai raino za ta iya nuna wa iyaye da mai bincike cewa kowane yaro yana samun kulawar da yake buƙata. Misalan da aka bayar su ne jarirai 'yan ciki ɗaya kamar tagwaye, jaririnki na kanki, ƙanen ko yayan yaron da kike riƙe da shi tuni, da kuma kada a yanke wa yaro rainon da ya saba da shi. Wannan na ƙarshen ma'anarsa kamar a ce uwar yaron da ke zuwa miki Litinin da Talata an canza mata lokacin aiki, yanzu tana buƙatar Laraba, ranar kuwa kina da uku. Maimakon a kai shi wurin baƙuwa rana ɗaya a mako, sai ki karɓe shi ya zama na huɗu. Ba a yi wannan sassaucin don sabon ciniki ba. Uwar da ba ki taɓa riƙe mata yaro ba ta buga waya tana neman gurbi, ba ta shiga nan, duk yadda ta marairaice.

Kafin Satumban 2012, Ofsted ce ke rubuta adadin yaran a takardar rajista, mai son ƙari sai ta nemi izini ta jira amsa. Daga lokacin aka bar wa mai raino ta yanke hukunci da kanta. Wasu sun ɗauki hakan a matsayin sauƙi, ni kuwa ina ganin nauyi aka ƙara mata, don yanzu babu takardar izinin da za ta nuna in abu ya faru, sai hujjarta. A farkon 2013 Liz Truss, lokacin tana ƙaramar ministar kula da yara, ta kawo shawarar a mayar da ukun huɗu, jariri ɗayan kuma biyu. Iyaye da masu sana'ar suka yi ca, mataimakin firaminista Nick Clegg ya taka wa shirin birki a watan Yuni na shekarar. Sai a Satumban 2023 aka taɓa lambobin, shi ma a nazare ne: 'yan shekara biyu suka koma biyar ga babba ɗaya maimakon huɗu. Masu raino a gida lambobinsu ba su canza ba, an dai fayyace musu cewa sassaucin ya shafi ƙannen yaran da suke riƙe da su da kuma 'ya'yansu.

Idan za ki yi amfani da sassaucin, ki rubuta shafi ɗaya ki ajiye: wane yaro, waɗanne ranaku da awanni, mene ne dalili, yaushe zai ƙare. Ki ƙara da amsar tambayoyin da mai bincike zai yi. Ina kowa zai yi barcin rana? Yaya za ki fita da su zuwa makaranta, wa ke cikin keken turawa, wa ke tafiya da ƙafa? In gobara ta tashi, nawa ne ba sa iya tafiya da kansu? Ki gaya wa dukkan iyayen, ba na sabon yaron kaɗai ba, ki kuma sanar da kamfanin inshorarki.

Tambayar gobarar nan ita ce ainihin dalilin jariri ɗaya. Hannu biyu gare ki. Jariri ɗan wata takwas ɗaukarsa ake yi, a ba shi abinci a baki, a leƙa shi akai-akai in yana barci. Jarirai biyu da ɗan shekara biyu mai gudu zuwa ƙofa, lissafin ya ƙwace. Lokacin cin abinci ma haka. Yaron da abinci ya shaƙe ba ya kuka, shiru yake yi, shi ya sa tun 2023 aka wajabta yara su kasance inda kike ganinsu kuma kike jinsu duk lokacin da suke ci. A sauran lokuta an yarda da gani ko ji, a wurin abinci sai duka biyun. Mai yara shida da ke zuba wa wannan a kicin tana jiyo wancan a falo ta saɓa wannan ƙa'idar ko da adadinta daidai ne. Idan kuma kina kwana da yara, lambobin nan ba sa canzawa da dare, kuma dole ki riƙa jin motsinsu ko da ta na'urar sauraro ce.

'Yan shekara takwas zuwa sama ba a sa musu lamba ba a Ingila. Sharaɗi ɗaya ne, kada kula da su ya tauye ƙananan. Wannan ba ya nufin a cika gida. Yara maza uku 'yan shekara tara suna kokawa a falon da jariri ke rarrafe, mai bincike ba ya buƙatar lamba kafin ya rubuta.

Mataimakiya, ɗaki da mota

Hanyar halal ta ƙara yara ita ce ɗaukar mataimakiya ko haɗa gwiwa da wata mai rajista. Kowane babba yana da nasa shida, uku, ɗaya, to ku biyu za ku iya kaiwa goma sha biyu, shida ƙanana, jarirai biyu. Tun 1 ga Nuwamba 2024 mutum huɗu za su iya aiki tare a gida ɗaya, a da uku ne. Daga biyar zuwa sama an bar sahun masu raino, an koma wata rajistar mai dokoki irin na nazare. Mataimakiya ba ta shiga lissafi sai an gama tantance ta, ko da mijinki ne ko 'yarki babba. Dama duk wanda ya kai shekara 16 da ke zaune ko aiki a gidan sai an yi masa binciken DBS, wato a duba ko yana da tarihin aikata laifi, wanda kuma ya zauna wata ƙasa a cikin shekara biyar da suka wuce, Najeriya ko Nijar ko Gana, sai ya kawo takardar shaidar kyawun hali daga can. Takardar nan tana ɗaukar lokaci, kada ki karɓi yara da sunan tana hanya.

Ana iya barin yara da mataimakiya ita kaɗai, amma kada ya wuce awa biyu a rana gaba ɗaya, sai da izinin iyaye ko da na minti biyar ne, kuma sai tana da takardar horon agajin gaggawa na yara, wadda ake sabuntawa duk shekara uku. Kuskuren da ake yi a nan shi ne mantawa cewa idan kun rabu, kowa lissafinta daban. Kin tafi ɗauko 'yan makaranta kin bar mata ƙanana biyar don ki yi sauri, ta wuce nata adadin. Sai ki tafi da biyu. Ranar da ta wayi gari ba lafiya kuma, kin koma shida, uku, ɗaya nan take. Ya kamata tun a yarjejeniya iyaye su san waɗanne yara ne za su zauna gida a irin wannan ranar, ba sai ƙarfe bakwai na safe a fara jayayya a waya ba.

Sau da yawa ɗakin ne ke yanke hukunci kafin doka. Kowane yaro ɗan ƙasa da shekara biyu yana buƙatar murabba'in mita 3.5, ɗan shekara biyu 2.5, ɗan uku zuwa biyar 2.3. Jariri ɗaya da ɗan shekara biyu da ɗan uku sun ci 8.3, kowane falo zai ɗauka. Ninka shi saboda mataimakiya, ya zama 16.6, falo mai mita huɗu tsawo huɗu faɗi kuwa 16 ne tun kafin a yi maganar kujeru da teburin talabijin. Banɗaki da lungun wucewa da ɗakin ajiya ba sa cikin awo. Kicin an yarda a ƙirga sashen da yara za su iya amfani da shi ba haɗari tun 2024. Idan gidan haya ne, sai da amincewar mai gida, kuma ƙananan hukumomi da dama suna neman izinin tsara gari idan yara suka wuce shida ko aka ɗauki ma'aikata, saboda motocin iyaye da hayaniya. Ki tambayi taku kafin ki ɗauki mataimakiya.

Mota ita ma tana da nata iyakar. Yaro sai ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135 kafin ya daina zama a kujerar yara. Mota mai cin mutum biyar yara huɗu take ɗauka in ta yi yawa, kuma kujerun yara uku ba kasafai suke shiga jere a baya ba. Kujerar jariri mai kallon baya haramun ce a gaba idan jakar iskar kariya tana kunne. Inshorar motar ma sai ta ƙunshi amfani da ita don sana'a. Mai yara shida da ƙaramar mota, da ƙafa za ta je makaranta, da ruwa da sanyi, to tazarar makarantar daga gidanta tana cikin abin da zai nuna mata yara nawa za ta iya ɗauka da gaske.

Duk wannan na Ingila ne kaɗai. Wadda ta koma Glasgow ko Cardiff sai ta sake haddar. A Sukotland hukumar Care Inspectorate ce ke rajista, kuma iyakar takwas ce 'yan ƙasa da shekara 16, shida daga ciki 'yan ƙasa da 12, uku waɗanda ba su shiga firamare ba, jariri ɗaya ɗan ƙasa da shekara. A Wales goma ne 'yan ƙasa da 12, shida 'yan ƙasa da takwas, uku 'yan ƙasa da biyar, biyu 'yan ƙasa da wata 18. Ka ga a can manyan yaran ma ana ƙirga su.

Matsin lambar a wuce iyaka yana ƙaruwa, kuma dalilinsa a bayyane yake. A 2015 masu rainon da ke rajistar Ofsted sun kusa 48,000, zuwa 2023 sun koma ƙasa da 30,000. Bayan haka gwamnati ta faɗaɗa awannin raino na kyauta ga iyaye masu aiki: awa 15 ga 'yan shekara biyu daga Afrilun 2024, awa 15 daga wata tara a Satumban 2024, sai awa 30 daga wata tara a Satumban 2025. Jarirai sun yi yawa, gurbinsu kuwa ɗaya ne ga kowace mai raino. Uwar da za ta koma aiki idan jaririnta ya kai wata tara, tun tana da ciki ya kamata ta fara nema. In ta je duba gida kuma, kada ta tambayi yara nawa ne a littafi. Ta tambaya yara nawa ne a ɗakin nan da ƙarfe huɗu na yamma ranar da ta fi cika, da kuma a tsakiyar Agusta, har da na mai gidan. Ta nemi lambar rajistar ta duba a shafin Ofsted, don tallafin gwamnati na kuɗin raino ba a biyan sa sai ga mai rajista.

Doka ta wajabta wa mai raino ta riƙe rajistar kullum mai sunan kowane yaro da awannin da ya yi a gidan. Ki rubuta ainihin lokacin shiga da fita, 8:07 da 4:22, ba lokacin da ke cikin yarjejeniya ba. Da wannan littafin mai bincike zai gano ko an taɓa haɗa bakwai, kuma da shi za ki kare kanki idan maƙwabci ya ƙirga kawuna a bakin makaranta, ya haɗa da 'yan shekara tara, ya kai ƙara. Idan an tabbatar kin wuce, Ofsted za ta iya ba ki takardar umarnin gyara, wadda ƙin bin ta laifi ne, ko ta dakatar da rajistar na mako shida idan ta ga yara na cikin haɗari, ko ta soke ta gaba ɗaya. Kamfanin inshora kuma zai iya ƙin biyan diyya idan yaro ya ji rauni a lokacin da adadin ya wuce ƙa'ida, ko da raunin ba shi da alaƙa da yawan yaran.